Shekarar da Alhaji Ya Yafe wa Babanku

Bilki, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Na san halinki, da magana ta yi zafi sai ki nemi ki sirka ta, to wannan ki bar ta da zafinta. Na ba ku labarin ƙuruciyata a Maska, na ba ku na aurena da dawowarmu Funtua, kun saurara kuna ta dariya. Yau kuma za ku ji shekarar da na fi tsana a rayuwata. Saboda kai nake wannan magana, Abba, tunda kai ne babba, kuma da idona na gan ka ranar sadakar ukun babanku ka durƙusa a gaban Alhaji Mamman kana yi masa godiya, wai ya yafe wa ubanka sata. Tun ranar abin yake cin raina. Ubanku bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, kuma mutumin da ka durƙusa wa ya fi kowa sanin haka.

Babanku da Alhaji taubasai ne. Kakarku Iya ƙanwar mahaifin Alhaji ce, kuma da uwar Alhaji ta rasu ita ta ɗauke shi ta goya. Kwano ɗaya suka ci, tabarma ɗaya suka yi wa fitsari. Da suka girma Allah ya buɗa wa ɗaya a kasuwar hatsi, ya yi sito, ya ƙara wani, har tireloli suna layi a ƙofarsa lokacin kaka. Ɗayan kuma ya koyi tuƙi. Tun Alhaji yana da a-kori-kura guda mai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya babanku ke jan sa, har furfura ta cika musu gemu su biyun. Akwai wata al'ada a tsakaninsu, kuma ba su suka ƙirƙiro ta ba, kowane direba a garin nan ya san ta: duk abin da aka cire a jikin mota aka sa sabo, tsohon na direba ne. Taya ce, batir ne, ledar ƙasa ce, ba a ma tambaya. Da tsofaffin tayoyin Alhaji aka yi mana gugan rijiya, da su aka yi wa awakina kwamin ruwa. Duk ranar da Alhaji ya ga babanku yana gangaro taya zuwa gida sai ya ɗaga murya ya ce ga ɓarawon taya nan, shi kuma ya ce ai gara shi da mai tumbin da ba ya ganin takalminsa. Kowa ya yi dariya, wasan taubasai ne.

Alhaji yana da ɗa, Faruku, kun san shi. Ya yi karatu a waje, ya dawo yana aiki a Abuja. Yaron nan a kafaɗar babanku ya fara ganin hawan Sallar Idi, Baba Sule yake ce masa, ni kuma Gwaggo. Shi ya matsa wa uban wai darajarsa ta wuce motocin da yake shiga, har aka kawo wata baƙar jif mai sheƙi, wadda ranar da ta shigo unguwa sai da aka sa wani ya riƙa korar masu shafa ta. Faruku ya tara mutane yana nuna musu cikin tayoyin. Ya ce wannan faifan da kuke gani, wanda birki yake kamawa, ba ƙarfe ba ne irin na sauran motoci, wani abu ne kamar tangaran, ba ya tsatsa, ba ya jin wuta, na motocin tsere ne. Babanku ya dawo gida yana taɓe baki. Ya ce shi dai abin da ya sani, da safe in ya taka birkin nan kuka yake kamar amalanken da bai sha mai ba, har kunya yake ji a ƙofar masallaci.

A kakar da ta biyo baya Alhaji ya cika situnansa da masara tun tana da tsada, yana jiran ta ƙara. Ba ta ƙara ba. Ta yi ta sauka, ya ƙi sayarwa, ta ci gaba da sauka, ƙwari kuma suka shiga wadda ke sito na baya. A waje ba wanda ya ga alama, babbar rigarsa tana nan da sitaci, ana ta zuwa gaisuwa. Amma direba ba a ɓoye masa, shi ke gaba yana jin duk wayar da ake yi a baya. Babanku yakan dawo ba walwala, in na tambaya ya ce mini gajiya ce. Ana cikin haka, wata rana za su gonar Alhaji ta bayan Maska, a hanyar nan mai tsakuwa, dutse ya shiga cikin tayar gaba ya tsaga faifai ɗaya. Aka kira wani bakanike daga Kaduna ya duba. Ya ce ba a sa guda, sai dai na gaba biyu tare, daga waje za a yi odar su, kuma kuɗin da ya faɗa ya isa ya yi wa gonar nan taki har ya yi saura.

Washegari da hantsi sai ga Alhaji a ƙofar gidanmu a bayan ɗan acaba. Ban taɓa ganinsa a kan mashin ba tun da ya yi kuɗi. Suka zauna a zaure shi da babanku. Na dama fura na ɗauko, ina zuwa bakin asabari sai na ji muryar Alhaji ba irin wadda na sani ba, na tsaya cak da ƙwarya a hannu.

"Sule, ba ni da shi. Wallahi tallahi ba ni da shi."

"To a ajiye motar mana, a lulluɓe ta har Allah ya kawo sauƙi."

"In na ajiye ta kasuwa za ta tambaya. Mutanen da ke sauke mini kaya a kan amana, ka san motar nan suke kallo. Ranar da aka ce Mamman ya kasa gyara birki, ba mai sake ajiye mini ko buhu ɗaya."

Babanku ya ce bakaniken ya faɗa masa akwai na ƙarfe da za su hau daidai, da arha, kuma suna ci lafiya lau.

"Shi za a yi. Ka kai ta Kaduna da kanka. Kada Faruku ya ji, kada Hajiya ta ji, ko matarka kada ta ji. Tsakanina da kai ne."

"Tsofaffin fa?"

"Yau kuma tambayata kake, ɓarawon taya? Kwashe abinka."

Na koma da baya a hankali, na ɗan jima, sannan na yi sallama na kai furar. Alhaji ya sha, har ya ce ta yi daɗi.

Aka sa na ƙarfe. Kukan safiyar nan ma ya ɗauke, babanku ya ce shi wallahi ya fi jin daɗinsu a ƙafa. Ya dawo da tsofaffin biyu a cikin buhu, ɗaya tsagagge, ɗaya lafiyayye. Faɗinsu ya kai babban tire, ga su da ƙananan huji a jiki, kuma ba nauyi, ni da hannu ɗaya nake ɗaga guda. Bakaniken ya riga ya gaya masa a nan ba mai saye, sai mai irin motar, mai irin motar kuwa ba ya sayen tsoho. Da 'yan gwangwan suka biyo ta layinmu na kira ɗaya, ya ciro maganaɗisunsa ya manna, abin ya zame ya faɗi. Ya sake mannawa, ya sake faɗuwa. Ya ce Inna wannan ai dutse ne, ko kyauta kika ba ni nauyi zan ɗaukar wa kaina. To kun ji darajar da Funtua ta ba su. Na tura tsagaggen ƙarƙashin gado, lafiyayyen ya yi ta gararamba a tsakar gida, kaji suna hawa.

Da damina ta yi nisa sabuwar masara ta fito, na koma sana'ata ta gashi a bakin titi, kusa da inda ake tsallaka layin dogo. Ragar da nake ɗorawa a kan garwashi ta cinye, duk ta ɓule, masara tana faɗawa cikin toka. Wata safiya na dubi faifan nan na tuna Faruku yana cewa ba ya jin wuta. Na wanke shi tas da toka da omo, na ɗora a kan murhu. Kai jama'a! Tunda nake gashi ban taɓa samun abu irinsa ba. Zafi yake riƙewa ko'ina daidai, hujin nan suna fito da wuta kaɗan-kaɗan, masara ta yi ja ba tare da ta ƙone ba. 'Yan acaba suka riƙa wuce masu gashi biyu su zo wurina. Babanku ya gani ya yi dariya, ya ce to ga shi nan dai ya samu aikin da ya dace da shi. Ba mu ga laifin komai ba, don abinmu ne, kamar gugan rijiya.

Wata ranar Asabar bayan azahar, an ɗauke ruwa ke nan, wata farar mota ta tsaya a gabana. Aka sauke gilashi, ashe Faruku ne ya shigo gari.

"Gwaggo Hajara, ina wuni? A zaɓo mini mai taushi."

Na yi murna, ina ta tsokanarsa wai har yanzu 'yan Abuja suna cin abin bakin titi. Ya fito yana dariya, ya matso kusa da murhu, sai dariyar ta ɗauke. Ya sunkuya ya ƙura wa abin ido.

"Ina kika samu wannan?"

"Babanka Sule ya kawo. Tsohon kayan mota ne."

"Tsohon kaya? Kin san ko mene ne wannan? Wannan ya fi gidan da kuke ciki kuɗi!"

Ya sa ƙafa ya ture masarar ta zube a cikin taɓo, ya fizgi tsumman da nake riƙe da shi ya ɗauki faifan da zafinsa ya jefa a but. Ko waiwayowa bai yi ba. Na bar murhun a hannun maƙwabciyata, na tsayar da ɗan acaba na bi shi.

Na tarar an idar da la'asar. A ƙofar gidan Alhaji an shimfiɗa dardumai kamar kullum, 'yan kasuwar hatsi sun cika wurin, har da wani dattijo daga Malumfashi wanda na san rabin abin da ke cikin siton Alhaji nasa ne. Jif ɗin tana gefe, babanku yana goge mata ruwan sama. Na shige ta ƙofar mata na tsaya a cikin soro, inda nake ganin komai. Faruku ya durƙusa ya leƙa tayar baya, ya leƙa ta gaba. Ruwan da aka yi ya sa na gaban sun yi jan tsatsa, na bayan kuwa fes. Ya miƙe ya ɗauko faifan a but ya wurgar a tsakiyar dardumai, baƙi ƙirin da hayaƙi, har da gashin masara a manne.

"Alhaji, ka san direbanka ya kwance birkin motarka ya sa maka na gwangwan? Ga ɗaya nan, a bakin titi na tsinto shi matarsa tana gashin masara. Ɗayan Allah kaɗai ya san inda ya sayar."

Direbanka. Yaron da ya yi masa fitsari a wuya. Babanku ya ajiye tsumman, bai dubi Faruku ba, Alhaji ya duba. Ni ma Alhaji nake kallo. Kalma ɗaya ake nema, ya ce ni na sa shi. Ko ƙarya ce ma ya ƙara a kai, ya ce kukan birkin ne ya dame shi, wa zai musa masa? Na ga ya ɗaga ido ya dubi dattijon Malumfashi, dattijon kuma shi yake kallo. Ya mayar da kai ƙasa yana jan carbi. Faruku yana ta zuba, wai a kira 'yan sanda, wai wa ya san tun yaushe ake yi musu haka. Sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ya isa, Faruku. Ba za a kira kowa ba. Sule ɗan'uwana ne, kuma ɗan'adam ajizi ne. Ku shaida, na yafe masa."

Wurin ya ɗauki kabbara. Wannan ya ce Allah ya saka da alheri, wancan ya ce samun irin Alhaji sai an tona. Na buɗe baki zan yi magana, wallahi na riga na cika ƙirjina da iska, sai idon babanku ya same ni a cikin soron. Ya girgiza mini kai kaɗan. Sannan ya juya, ya ɗan rusuna.

"Na gode, Alhaji."

Faruku ya miƙa hannu, babanku ya ciro makullin motar daga aljihu ya ba shi. Muka taho gida a ƙafa, yana gaba ina baya.

Muna shiga na cire mayafi na jefar. Na ce masa ina bakin asabari ranar nan, na ji komai tun daga ba ni da shi har zuwa kwashe abinka. Na jawo tsagaggen faifan daga ƙarƙashin gado, na ce ga shaida nan, duk mai ido zai ga dalilin da ya sa aka canza, kuma zai ga ba a sayar da komai ba. Na ce yanzu-yanzu zan koma da shi tun ba su watse ba. Ya tare ƙofa. Tunda muke bai taɓa tare mini hanya ba sai ranar.

"In kika kai wannan, za a tambaya me ya hana a sayi sabo. Kafin Juma'a masu kaya za su kwashe kayansu. Kin san baki nawa ke ci a ƙarƙashin mutumin nan? 'Yan dako, masu ɗinkin buhu, marayun danginmu."

"Naka 'ya'yan fa? Su da wane suna za su ci?"

"Zai gyara. Ki bar shi ya samu ya miƙe tukuna, da bakinsa zai faɗa. Na san Mamman, uwata ce ta goya shi."

Ya sa ni na rantse ba zan buɗe baki ba muddin yana numfashi. Na rantse, ina kuka ina rantsuwa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushinsa ranar kusan yadda na ji na Alhaji, kuma har yau ban manta wannan na gode ɗin ba.

Da a ce duka aka yi masa, ko kulle shi aka yi, da mutane sun rabu biyu, wasu su ce ya yi, wasu su ce bai yi ba. Amma wanda aka yafe wa a gaban jama'a, shi kuma ya yi godiya, wa zai tsaya ya ce bai yi ba? Maganar ta ƙare ke nan. Ɗakin nan na waje da kuke kira sito, kun tuna yadda yake cika da buhuna? Manoman Maska ne ke kawo wa babanku ajiya, ya riƙe musu har kasuwa ta yi kyau ya sayar, ba takarda ba shaida, tun kafin a haife ki, Bilki. Cikin ɗan lokaci suka riƙa zuwa ɗai-ɗai. Wannan ya ce bikin 'yarsa ya taso, wancan ya ce zai sayi taki. Babanku da kansa yake kama musu su ɗora a mashin, yana yi musu addu'a. Ɗakin ya koma wayam sai ɓeraye. Ya nemi tuƙi a wurare, kowa ya ce za a neme shi. Ɗaurin auren unguwa da ake sa shi waliyyi ko wakili aka daina, sai dai ya ji sanarwa kamar kowa. Ni kuma na koma bakin titi sau biyu, yara suna wucewa suna kiran a ba su masara mai birki, na naɗe tabarmata na dawo gida.

Kai kuma Abba, kana Zariya lokacin. Ka zo hutu ka ji a gari. Ba ka tambaye shi ba, ba ka tambaye ni ba. Na dai lura ka daina zama kusa da shi a kan dakali, in za ku masallaci sai ka bari ya yi gaba. Kana tsammanin bai gani ba? Ya gani. Ranar da ka koma ya ce mini yaron nan yana da kunya, ya yi gadon kirki, kada in yi maka faɗa. Ban yi maka ba, amma ban manta ba.

Alhaji kuwa ya miƙe. Kasuwa ta juyo, ya sayar da abin da ƙwari suka rage, ya sake cika situna, ya gina sabo a hanyar Malumfashi, ya koma Makka. Duk kaka sai ga buhun masara an sauke mana a ƙofar gida da rana tsaka, kowa yana gani, a ce daga Alhaji. Mata su shigo suna cewa kai, bawan Allah nan akwai zuciya, dubi wanda ya cuce shi yake ciyarwa. Na ce wa babanku ni ba zan tuƙa ta ba. Ya ce abinci ba ya laifi. Shi kuma duk ranar da ya ji ƙarar mota ta tsaya a layinmu sai ya gyara hula ya fita zaure. Jira yake. Ya koma 'yar gonarsa ta Maska yana noma da jikin da ya saba da kujerar mota, ya rame, hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kwance ma in an yi sallama da muryar babban mutum sai ya juyo da ido wajen ƙofa. Alhaji ya aiko da kuɗin magani, shi dai bai zo ba.

Ranar sadakar uku ya zo, a cikin jif ɗin nan, da sabon direba. Ina ɗaki cikin takaba, tagar tana kallon rumfar da maza suke. Bayan an shafa fatiha liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, kamar yadda ake faɗa a kowace rasuwa, kowa ya amsa a hankali. Alhaji kaɗai ya gyara murya.

"Ni dai abin da ya shiga tsakanina da Sule na yafe tun yana raye, kuma ina ƙara yafewa, duniya da lahira."

A nan ne ka taso, Abba, ka zo gabansa ka durƙusa har ƙasa, ka kama hannunsa da hannu biyu. Ban ji abin da ka ce ba, amma na ga bakinka, irin na ubanka ne sak. Na cusa gefen zanena a baki na cije don kada matan da ke ɗakin su ji abin da ke shirin fitowa.

Da na fita takaba, inda na fara zuwa ke nan. Na naɗe tsagaggen faifan a zane na ɗora a ka, na tafi da hantsi, lokacin da na san ba kowa a wurinsa. Aka shigar da ni falonsa. Ya tsufa shi ma, ƙafafunsa sun kumbura. Bayan gaisuwa na kwance zanen na ajiye abin a kan kafet, na juyo masa da tsagar.

"Alhaji, na zo ka faɗa mini abin da ka yafe."

Ya daɗe yana kallon faifan. Ya ce Sule ne ya gaya mini? Na ce Sule bai taɓa gaya wa kowa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ni ce mai furar. Sai ga hawaye a idonsa, ba zan yi masa ƙarya ba, na gani. Ya dubi ƙofa ya tabbatar a rufe take, ya rage murya.

"Hajara, ki yafe mini. Ki roƙar mini yaran nan su yafe mini."

"A gaban mutane ka yafe masa, sau biyu. Can za ka je ka nemi tasa. Bayan la'asar ɗin yau ma dardumanka za su cika."

"Yanzu kuma? Bayan duk shekarun nan? Faruku zai ji, surukaina za su ji. Me za a ce da ni?"

"Abin da aka ce da Sule ai bai sa ka kwana da yunwa ba."

Ya ce in zauna mu yi magana, ya ce zai gyara mana gidan, zai nema wa Abba aiki. Na naɗe faifaina na ɗora a ka. Ina fitowa na ga motar a inuwa, direban yana wanke ta. Na tambaye shi yaya birkinta. Ya ce Inna lafiya lau, tunda ya karɓe ta bai taɓa ba shi matsala ba.

La'asar ɗin ta wuce, wasu da yawa sun bi bayanta, bai ce komai ba. Da kaka ta yi ya aiko da buhunsa, na sa aka mayar masa a kan mashin da rana tsaka, kowa yana gani. Aka ce na cika butulci. Oho dai.

Rantsuwata ta ƙare ranar da numfashin ubanku ya ƙare, shi ya sa kuke jin wannan. Faifan yana nan a ƙarƙashin gadona, ku jawo shi ku sa yatsa a tsagar. Ban ce ku je ku yi faɗa ba, ban ce ku tara masa jama'a ba, ubanku ba zai so ba, kuma na gaji da yin abin da ya saɓa wa ransa ko da a zuciyata ne. Ni dai ban yafe ba, ki rubuta haka, Bilki, kada ki tsallake. Kai kuma Abba, garin nan ƙarami ne, dole za ku haɗu, ko a jana'iza ko a ɗaurin aure, kuma zai miƙo maka hannu. Ka karɓa, babba ne, ɗan'uwan ubanka ne. Amma ka gaishe shi a tsaye.